Malam Zailani, Mai Zanen Duwatsu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Zailani Garki, mai zane, a gidansa da ke Dutse, bayan jinyar da yawancinmu maƙwabtansa ba mu ma san yana yi ba.

Malam, ka bar koyarwa a firamare a Garki ka dawo Dutse shekarar da aka yi jiha. Mu dai mai rubuta allon shago muka ɗauke ka. Tela ya kira ka, mai kemis ya kira ka, ka yi musu ba gardama. Da la'asar kuwa sai ka ɗaura allo da fenti a keke ka nufi bayan gari, ka zauna gaban duwatsu da dabinai har rana ta yi ja. Ba ka taɓa zana mai rai ba. Kakan ce ƙasar ma ta ishe ka aiki.

Shekarar da ambaliya ta tashi wani ƙauye a Miga, ka bi mutanen har inda suka fake. Ka yi ta tambayar dattawa ina rijiya take, ina tsamiya, ta ina hanyar fadama ta bi. Ka zana musu garinsu yadda yake kafin ruwa, ka ba su kyauta.

Ranar sadakar uku, wani dattijo daga cikinsu, Malam Bunu, ya zo gaisuwa, ya roƙi a nuna masa sauran aikinka. 'Yarka Adawiyya ta buɗe mana ɗakin da kake ajiye zane-zanenka. Ashe rufin ya daɗe yana yoyo. Gara ta cinye na ƙasa, na sama sun manne da juna, launi ya zube. Dattijon ya jima yana kallo, sannan ya juyo gare mu.

"Duk unguwar nan an rasa mai fallen kwano ɗaya?"

Akwai 'yan kasuwa a cikinmu, akwai ma'aikatan gwamnati. Abin da ya tsira bai fi a rungume ba. Muka shanya shi a tsakar gida, muna kauce wa idon Adawiyya.

Malam, ba mu kyauta maka ba. Allah ya jiƙanka da rahama, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Uwargida Hajiya Karima, Adawiyya da sauran iyali, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma ku yafe mana.