Abin da Barmo Ya Rubuta a Gefen Suna

Kwana tara bayan Sakinatu ta fita takaba, ta kai ɗanta Hassan wani kwaleji a garin Tanut domin a rubuta shi. Layi ya yi tsawo a ƙofar ofishin surbeyan, mai kula da ɗalibai. Da aka zo kanta, ya miƙo mata takarda da abin rubutu. Ta yi lakwal, makarantar boko, shekara huɗu tana yarinya, tana iya haɗa baƙaƙe in ba a gaggauta ta ba. Ta bi layukan a hankali har ta iso inda aka ce uba ya sa hannu. Nan ta tsaya, mutanen da ke bayanta suka fara leƙe. Surbeyan bai yi mata ta'aziyya a gaban jama'a ba. Ya ɗora babban yatsansa ya rufe layin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wannan gurbin bana ba a cika shi. Nan ƙasa za ki sa, Uwar Hassan." Sannan ya juya ya hau wani ɗalibi da faɗa kan rigar da bai cusa a wando ba, har idanun mutane suka bar ta.

Malam Barmo ke nan.

Bayan wata biyu Sakinatu ta kafa tukunyar ɗanwake a gindin bedin da ke bakin ƙofar makarantar, daga wannan inuwar kuma ta yi shekara shida tana kallonsa. Mutum ne da ba ya zama. Kujerar ofishinsa takardu ne ke zaune a kanta. Daga ƙofa zuwa aji, daga aji zuwa famfo, maɓullai na kaɗawa a aljihu, guntun kiriyon, wato fensir, a bayan kunne. Ko ɗanwaken a tsaye yake ci, ya bar rabi ya ce yana zuwa. Wata rana ya zo, wata rana sai tsuntsaye.

Ɗan Falanko ne, ɗan manoman hatsi. Ya taɓa gaya mata cewa ba son boko ya kai shi lakwal ba. An ce wa maigari ya kawo yara biyar, ubansa ya duba 'ya'yansa ya zaɓi wanda ba ya gama layi ɗaya na shuka sai ya tsallaka wani, ya ce wannan ko an bar shi a gona ba abin da zai tsinana. Barmo ya ci jarrabawar birebe ta ƙarshen kwaleji, ya nemi malanta sau biyu Allah bai nufa ba, aka ba shi tsaron ɗalibai na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ya zama shekara ashirin da shida.

Yana da wani babban kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, wanda yake kullewa da kwaɗo a aljihun tebur. Sunayen ɗalibai da tawada ya rubuta su, amma a gefen kowane suna akwai ɗan rubutun kiriyon, ƙanana kamar sawun tururuwa. Wannan ɗan Tenhiya ne, sai dabbobi sun sauko yake dawowa, kar a soke shi. Wannan tana faɗuwa in ba ta ci komai ba. Wannan ba ya ji da kunnen hagu, a sa shi gaba. Malami zai zo a fusace ya ce, "Malam Barmo, yarinyar nan fashinta uku ke nan." Barmo ya buɗe kwaɗo, ya duba, ya rufe, ya ce, "Ƙyale ta, Mushe," don haka ake kiran malaman boko maza. Ba a tambayar dalili. Iyaye sun san da haka. Mace za ta jira sai yara sun shiga aji, ta zo ta tsaya a tagarsa ta faɗi abin da ba ta iya gaya wa maƙwabciyarta ba, ta ja mayafi ta tafi. Sakinatu ta ga irinsu da yawa, kullum takan sa ido a tukunyarta har su wuce.

Shekarar da ake magana, wata ƙungiya ta zo ta kafa faranta masu ɗaukar hasken rana a kan rufin makarantar, ta zuba na'urori masu ƙwaƙwalwa goma sha biyu a ɗaki guda. Aka ɗora aikin a kan Mushe Nafi'u, malamin lissafi. Ranar horon malamai Sakinatu ta kai musu abinci har ciki, ta ji da kunnenta.

"Daga yau babu yawo da takarda," in ji Nafi'u. "Kowane malami yana da adireshinsa na wasiƙa, 'yan ajin ƙarshe ma haka. Kowa da lambarsa ta sirri. Abin da ka rubuta kuma ba cikin wannan na'urar yake kwana ba, yana can nesa, wurin da suke ce wa gajimare. Ko ta ƙone, yana nan."

"Gajimare?" in ji Barmo daga bakin ƙofa, don ya ƙi zama. "Mushe, mu 'yan Damargu gajimare ya sha yi mana alkawari."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Madam Ruƙayyatu, malamar Faransanci, ta ce, "Baba Barmo, don Allah ka zauna, kana sa mu jiri."

"In na zauna, wa zai tare 'yan ajinki da ke tsallake katanga?" Ya matso ya karɓi 'yar takardar da aka rubuta masa adireshi, ya juya ta. "Lambar nan da zan sa, ni kaɗai zan san ta?"

"Kai kaɗai. Ko ni ba zan sani ba."

"Kamar maɓallin kwaɗona ke nan."

"Haka, Baba," in ji Nafi'u, hankalinsa na kan wani malami da ya kashe tasa na'urar da gwiwa.

Daga wannan "haka" abin ya samo asali.

Darakta Attahir ya ce Barmo ya zuba sunayen ɗalibai duka a wata takarda ta cikin na'ura, wadda malamai za su riƙa duba fashi a cikinta. Takardar tana da gurabe: suna, ranar haihuwa, gari, can ƙarshe kuma wani gurbi babu komai. Barmo ya dubi gurbin ya ga gefen kayensa. Da lambarsa ya buɗe, a ganinsa kuwa abin da ka buɗe da maɓallinka naka ne. Kwana tara ya yi yana bugawa da yatsa ɗaya. Ya buga suna biyu ya fito ya zaga fili, ya koma. Layi ya ɗauke, ya fito ya tsaya yana harar ƙarfen kama layi da ke kan rufi. Rana ta tara ya zo gindin bedi yana murmushi.

"Uwar Hassan, na kwashe kayena kaf na zuba. Yanzu ko gara ta ci shi ban damu ba."

"Allah ya sa alheri, Malam," in ji ta.

Ranar Laraba Nafi'u ya aika wa 'yan ajin ƙarshe takardar, kowa ya duba ko sunansa da ranar haihuwarsa daidai suke kafin a haɗa takardun jarrabawa. Gurbin ƙarshe ya wuce bakin allon, sai an ja ake ganinsa. Nafi'u bai ja ba. Yara kuwa ba abin da ba sa ja.

A ajin akwai Zuhaira, 'yar Amatullahi mai saƙar tabarma. Unguwa duka ta san ubanta Safiyanu yana arewa wajen haƙar zinariya, shekara biyu ke nan. A gefen sunanta Barmo ya rubuta: uban yana gidan kaso a Damagaram, Juma'ar farko ta kowane wata tana raka uwarta, kar a tambaye ta. Wani ya karanta da ƙarfi.

Sakinatu ba ta ji wannan ba. Abin da ta gani, da hantsi yarinyar ta fito ba jaka, ba ta gudu ba kuma ba ta kuka, tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu cike. Ta wuce bedi ba gaisuwa, ita da ba ta taɓa wucewa ba ta ce "Inna, ina kwana." Jim kaɗan sai ga Barmo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya kai bakin hanya ya tsaya, ya dawo, ya sake komawa.

Nafi'u ya goge gurbin nan take, amma wani ya riga ya ɗauki hoton allon da waya. Kafin azahar magana ta isa kasuwa.

Da Sakinatu ta shiga kwasar kwanoni, ta tarar da su uku a baranda. Darakta yana cewa, "Malam Barmo, abin ai da sauƙi. Mu ce na'ura ce ta yi. Sabon abu ne, wa zai musa?"

"Ni na aika, laifina ne," in ji Nafi'u.

"Kai ƙofa ka buɗe, Mushe. Wa ya shanya kayan mutane a tsakar gida?" Barmo yana magana yana kai da kawo, maɓullai na kuka. "Ba na'ura ce ta tsaya a taga ta ce wa uwar Zuhaira ba mai ji ba. Ni na ce mata. Shekara ashirin da shida ban tambayi kwaɗona wa yake buɗe wa ba, sai na ɗauka kowane kwaɗo haka yake."

"To ka zauna mu yi shawara."

"Ranka ya daɗe, in na zauna yau ba zan tashi ba."

Gidaje kusan arba'in abin ya shafa. Daga Alhamis zuwa Asabar Barmo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani makiyayi ya yi dariya ya ce duk Tenhiya ta san ɗansa yana bin dabbobi, ina sirrin? Wani ya zage shi tas, ya tsaya ya ji har ƙarshe. Amma gida ɗaya ne ya hana shi sakat. Zuhaira ba ta dawo ba. Ranar Litinin mai hoto zai zo, kowane ɗalibi ya sa hannu a takardarsa, Talata da safe a kai su Damagaram. Wanda babu hotonsa ba ya zama jarrabawa bana. An kuma ce Amatullahi ta fara ɗaure kaya, za su koma Olelewa wajen danginta, inda ba wanda zai nuna su da baki.

Sau biyu ya je ƙofar gidan. Namiji ba ya shiga gidan da maigida ba ya nan, sai ya yi sallama daga waje. Aka ce ba kowa. Ya yi ta kai da kawo a lungun har mata suka fara leƙowa ta kan katanga, sannan ya gane tsayuwarsa ma wani tonon ne, ya tafi.

Lahadi da safe Sakinatu ta idar da walaha tana jan carbi, ta ji sallamarsa. Ta fito ta same shi ya rame cikin kwana huɗu, hula a karkace.

"Uwar Hassan, ki raka ni."

"Malam, ni ban iya magana ba. Ka nemi matar liman."

"Masu iya magana sun yi yawa a garin nan. Wadda ta iya shiru nake nema."

Ta koma ta ɗauko hijabinta. A hanya yana gaba tana baya, ya yi nisa ya dawo, ya sake yin nisa. Ita kuwa tana ta juya abin da za ta ce. Ta yi nufin ta ce kuskuren na'ura ne, don ta fi saurin shiga kunne, ta nemi gafarar Allah daga baya. Ba ta gaya masa ba. Sai dai da suka iso ƙofar ya tsayar da ita, ya yi mata magana a hankali, sannan ya koma can gindin wata katanga nesa da gidan.

Ta daɗe a ciki. Amatullahi ba ta ɗaga kai daga kabar da take saƙawa ba. Amma Litinin da safe Zuhaira ta zo, ta tsaya gaban mai hoto, ta sa hannu. Ta zauna jarrabawarta, bayan nan suka koma Olelewa. Amatullahi ba ta sake yi wa Barmo magana ba. Na'urorin suna nan ana aiki da su, Barmo ma ya iya aika wasiƙa, amma gurbin ƙarshe ya sa Nafi'u ya cire shi, kiriyon ɗin bayan kunnensa kuma ba ya rubuta komai sai fashi. Mata sun rage zuwa taga.

Mutane suna cewa Sakinatu ce ta iya lallashi. Ita ta san ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya roƙe ta a ƙofar gidan ba. Cewa ya yi:

"Don Allah, Uwar Hassan, in kin shiga kar ki ce na'ura ce. Kar ki ce Mushe Nafi'u. Ki ce Barmo ne, da yatsansa. Kar kuma ki nema mini gafara, wannan sai ranar da ta ga dama. Ki ce ta ara mini yarinyar gobe daga ƙarfe takwas zuwa tara. In ba ta son ta gan ni, zan tsaya bayan famfo har a gama."