Bayan Bishiya

Shekara talatin da ɗaya babana ya yi yana shafa wa bishiyoyi fenti. Idan na faɗi haka sai mutane su kwashe da dariya, wai wannan ma aiki ne? Ni kuwa raina ɓaci yake, don da gwangwanin fentin nan aka ciyar da mu.

A gandun dajin da ke bayan gari yake aiki, inda mutane ke zuwa shan iska ranar hutu, da 'yan makaranta da masu kallon tsuntsaye. Hanyar ƙafa ce ta ratsa dajin daga ƙofa zuwa rafi, tafiyar minti arba'in. Aikin Baba shi ne kada kowa ya ɓata. Duk taku ashirin sai ya ja farin layi a jikin bishiya, faɗin yatsu huɗu, daidai kafaɗa. Ma'aikata ba mai kiran sunansa, Mai Gwangwani kawai. Har ya tsufa ban taɓa ganin farcensa babu fari ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma ya ishe mu da ita: kowace bishiya sau biyu ake shafa mata, gaba da baya. Yana cewa mai shiga daji zumuɗi ke jansa, mai dawowa ne abin tausayi, ga gajiya, ga daji ya canza masa fuska. Ina yarinya, in na bi shi, ba ma yin nisa sai ya ce, "Juya. Me kika gani?" In ce fari. Ya ce, "To mu je." Wallahi har haushi nake ji.

Gidanmu na dab da ƙofar gandun. Kullum rana tsaka Inna za ta ɗaure kwano a tsumma ta kai masa abinci a wani benci da ke bakin rafi. Ta zauna ya ci, tana yi masa tsiya: "Bangon ɗakina shekara goma bai ga fenti ba, amma kowace bishiya ta sha kwalliya." Ya ce ai ita ba ta ɓata a ɗaki. Ta ɗauki kwanonta ta dawo, shi ya ci gaba da aiki.

Shekara biyu da ritayarsa Inna ta fara rikicewa. Da farko gishiri ne take sa wa sau biyu. Daga baya ta fara ce mini "baiwar Allah", ni da ta haifa. Ta manta sunayenmu kaf, amma ba ta manta rana tsaka ba. Lokaci na yi za ta ɗaure kwano ta nufi ƙofar gandu. Mun gwada kulle gida, ta yi ta dukan ƙyaure har hannunta ya fashe. In ka jera da ita kuma, ta tara maka jama'a, wai ɓarawo na bin ta.

Sai Baba ya koma aikin da aka sallame shi. Ya riga ta zuwa benci, ya ci abin da ta kawo, ko ɗanye ne ko ƙonanne. Ta juyo gida tana bin farin layi da ido, bishiya bayan bishiya, shi kuma yana can nesa a bayanta. Da yaran da suka gaje shi suka fara sakaci, shi ke bi yana sabunta layin. Da Inna ta ranƙwafa, ya ƙara wani a ƙasa, daidai inda idonta ke kaiwa.

Da aka kwantar da shi asibiti za a yi masa aiki a ciki, abu ɗaya ya ce mini: "Ki riƙa bin ta." Na bi ta kwana goma sha biyu. Ta je ta tarar da benci ba kowa, ta jira, ta yi mita, ta dawo da ƙafarta, ko sau ɗaya ba ta kauce ba.

Ranar Litinin aka rufe gandun, wai sabon manaja na gyara. Da kyar na riƙe Inna a gida. Talata kuwa ɗinki ya yi mini yawa, mai kayan na zaune a kaina, kuma gaskiya na gaji. Na raka ta ƙofa na leƙa. Ga fenti nan sabo fil, ya ma fi na Baba haske, layi bayan layi har inda ido ya tsaya. Na ce to madalla, na koma kan keken ɗinki.

Abin da ban sani ba, manaja ya mayar da hanyar ta shiga kawai. An buɗe wata ƙofa can ƙetaren rafi, inda motoci ke jira. Tunda ba mai dawowa, ma'aikata suka kankare tsohon fenti duka, wai ya yi muni, suka shafa sabo a gaba kawai.

La'asar ta yi ba Inna. Na shiga da gudu har benci, ba ta nan. Na juyo. Babu fari ko ɗaya. Bishiyoyi ne kawai, duk iri ɗaya. Ni mai cikakken hankali, da aka haife ni a bakin dajin nan, sai da na tsaya ina rarraba ido.

Kwana biyu muna nema, da masu gadi da maƙwabta. Da hantsin Alhamis aka same ta a gindin wata bishiya, taku ɗari uku kacal daga hanya, a zaune, ta riga ta cika. Kwanon na kan cinyarta a ɗaure. Ko loma ba ta taɓa ba, abincin mijinta ne.

Manaja ya zo gaisuwa, yana ta bayanin tsari. Na so in zage shi tas, amma na san laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Bayan an yi sutura aka sallamo Baba. Bai yi kuka a gabanmu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da mutane suka watse ya kira ni ɗaki, ya ce in faɗa masa komai. Na faɗa, har na ce, "Wallahi Baba na duba, na ga fentin da idona."

Ya daɗe yana kallon farcensa. Sannan ya ce, "Kin juya?"

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma har ya koma ga Allah ban ba shi amsa ba.