Hamsatu Mai Koko da Ƙudajen Rumfarta

Haihuwa da Karatu

An haifi Hamsatu a shekarar 1939 a Nima, cikin birnin Accra. Mahaifinta Malam Sayibu ɗan kasuwar goro ne, sunan mahaifiyarta Memunatu. Ta yi karatun allo, ba ta shiga boko ba.

Aure da Sana'a

A 1957 ta auri Mahama, direba a tashar Tudu, suka kama haya a Maamobi, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. Bayan rasuwarsa a 1974 ta kafa rumfar koko a ƙofar gida, da ita ta riƙe marayunta.

Al'amarin Ƙudaje

A 1981 wasu manyan ƙudajen zuma baƙaƙe, masu huda katako, suka yi gida a rufin rumfar, suna shan ruwan sukarin da ke kwanonta. Ta rufe kwanon da ganye, sai ɗaya ya ture gefen ganyen ya kutsa, ba a jima ba sauran suka koya. Ta ɗaure bakin kwanon da tsumma, suka gano inda zare ya saki, suka yi ta ja har ƙofa ta samu. Maimakon ta kore su, sai ta riƙa sauya musu marfi tana kallon hikimar Ubangiji.

Wata safiya ta ce wa mai gidan haya a gaban jama'a, "Alhaji, duba mana, wallahi wannan ƙudan ya fi wasunku tunani."

Ba a yafe mata wannan raha ba. Mutanen da ba su taɓa tsayawa sun dubi halitta ba suka yanke hukuncin cewa ƙwaro ba ya tunani, saboda haka ita ce ke aiken su. Aka jefe ta da maita, ba hujja, ba tsoron Allah. Masu saye suka watse.

A 1983 ƙaramin ɗanta, don kunyar abokai, ya zuba wa ramukan ƙudajen kananzir. Ƙudajen suka mutu, ƙazafin bai mutu ba. Alhaji ya tashe ta, ta koma ɗakin 'yarta a Kokomlemle, ba ta sake dama koko ba.

Rasuwa

Ta rasu a watan Rajab na 1992, aka yi mata sutura a makabartar Musulmi, masu ƙazafin suna sahun gaba ba kunya. Allah ya jiƙanta.

Ta bar Osumanu, tela a Adabraka, da Mariatu, wadda ta yi jinyarta. Na ukun, ƙaramin, yana raye, amma ba za a rubuta sunansa kusa da nata ba.