Ƙwallon da Yaya Bulus Ya Ɓatar

Wata Asabar a ƙarshen daminar 2004, a filin makarantarmu ta firamare da ke Bosso, na ga Yaya Bulus ya kai wa ƙwallo duka sau uku, sau ukun nan iska ya doka. Ya tsaya da sanda a kafaɗa yana kallon ƙasa kamar wanda allura ta faɗi masa a yashi, yaran kwatas ɗin malaman jami'a kuwa suka ɗauki ihu suna kaɗa gwangwani. Wasa na huɗu ke nan a jere bai taɓa ƙwallo ba. Ban gama jin kunyar abin da ya same shi ba aka kira sallar la'asar, Ndagi babban mai jifanmu ya cire safar hannu ya miƙo mini, ya tafi tsaron shagon babansa. Na san abin da zai biyo baya. Kafin rana ta yi sanyi 'yan kwatas sun mayar da ni abin dariya, duk ƙwallon da na jefa sai sun aika shi bakin gonar masarar da ke bayan fili.

Wasan nan wani ɗan bautar ƙasa ne ya kawo mana shi, mutumin wajen Ilori, wanda ba mu taɓa kiransa da wani suna ba sai Kofa. Shi yana ce masa besbol, mu kuwa muka raɗa masa bugi-ka-gudu, kuma sunanmu ya fi nasa faɗin gaskiya. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya doke shi da sanda ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu kafin a tsinto, wanda ya kuskure sau uku kuma ya fita. Kusurwoyinmu tsofaffin buhunan siminti ne da muka cika da yashi. Kofa ya koya mana, ya koya wa 'yan kwatas, ya haɗa mu gaba, sannan shekararsa ta cika ya tafi. Ya bar mana sanda ɗaya, safar hannu biyu da ƙwallo uku. Ɗaya kare ya tauna, ɗaya ya faɗa rijiya, ɗayan da ya rage kuwa muka riƙa lallaɓa shi, in ɗinkinsa ya kwance mu kai wa mai gyaran takalmi.

Da Kofa ya tafi, shugabanci ya koma hannun Yaya Bulus ba tare da an yi zaɓe ba. Shekarunsa goma sha bakwai, mu kuwa daga sha ɗaya sai sha biyu. Iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, gidan hayarsu yana jikin namu, kuma a rijiyarmu suke ɗiban ruwa. Duk wanda ya ci zalin ɗayanmu a hanyar makaranta da shi zai yi. Ranar Kirsimeti shi yake kawo mana shinkafa da kaza a kwanon samira, da Sallah kuma ni nake kai musu nama. A zamanin Kofa, in Yaya Bulus ya ɗaga sanda, masu tsinto ƙwallo ja da baya suke yi tun kafin a jefa. Ni dai a lokacin ban yarda akwai wanda ya fi shi ƙarfi a duk Minna ba, har da sojoji.

Mu uku ne 'yan canji, wato masu karɓar jifa in Ndagi ya tafi shago: ni, da Shekwo ɗan Gwari wanda iyayensa ke noman doya a Gwada, da wani Danladi mai yawan kuka. Tun tafiyar Kofa muka zama abin tsokana a unguwa. Ndagi zai bar mu muna gaba, mu uku mu taru mu zubar da wasan kamar an aike mu. In na wuce wajen mai gasa masara sai ta ce, "Ga masu rabon sadaka nan." Abin yana ci mini rai ƙwarai, don na san ni ba rago ba ne. A kakar mangwaro babu yaron da yake riga ni kaɗo na ƙololuwa.

Abin da ba mu gane ba shi ne, ciwonmu da ciwon Yaya Bulus ɗaya ne, kuma mu muka jawo shi. A da, Kofa ne yake jefa masa ƙwallo a wajen atisaye, da iyakar ƙarfinsa, babu sani babu sabo. Da ya tafi, aikin ya dawo kanmu, tunda Ndagi ba ya samun zuwa sai ranar wasa. To, mu yaran da aka rena a kan ba a miƙa wa babba abu da hannun hagu, ba a haɗa ido da shi, yaya za a yi mu tsaya a gaban Yaya Bulus mu wurga masa ƙwallon da zai kuskure a gaban jama'a? Ba mu taɓa zama mun shawarta ba. Kowannenmu dai in ya zo gabansa sai hannunsa ya yi laushi, ya lallaɓo masa ƙwallo a hankali daidai ƙirji, kamar mai miƙa wa kaka goro. Shi kuma ya ɗirka masa duka, mu yi tafi, kowa ya koma gida da farin ciki. Wata biyar muna haka kullum yamma. Hannuwanmu suka saba da ladabi, idonsa ya saba da ƙwallo mai tafiyar hawainiya. Ranar Asabar kuwa mai jifan 'yan kwatas ba ƙanensa ba ne, bai kuma taɓa cin kazarsu ta Kirsimeti ba.

Kwana biyu bayan waccan Asabar asirinmu ya tonu. Innata ta shanya barkono a kan tabarma a tsakar gida ta ce in kula da shi, ni kuma na shagala da gyaran motar gwangwani a zaure. Ina ɗaga kai na hango akuyar maƙwabta ta taka tabarmar tana shirin watsar da barkonon. Na san irin dukan da zan sha. Na suri wata ɗanyar gwaiba da ke kusa da ni, daga nan zaure na sake ta, ta samu akuyar a haƙarƙari, ji kake ɓas! Akuya ta yi waje da gudu. Ashe Yaya Bulus yana bakin rijiya da guga a hannu, ya ga komai. Ya ajiye gugan ya zo ya tsaya a kaina.

"Isiyaku, wannan hannun naka ne, ko aro ka yi?"

Na ce nawa ne.

"To me ya sa a fili kana jefa mini kamar ina asibiti?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da yatsun ƙafa. Da ƙyar na ce, "Yaya, kai babba ne."

Na zaci ranƙwashi zan sha, amma da na saci kallonsa sai na ga idonsa ya yi ja. A nan ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba: babansu ya yi ritaya, nan da mako uku za su koma garinsu, kuma ba ya son ya bar Bosso ana kaɗa masa gwangwani. Ya ce, "Daga yau duk wanda ya tausaya mini, ni da shi ne. Ka ji ko?"

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin na makonnin nan uku ba, har da noman hutu. Ranar farko na jefa da ƙarfi, ya kuskure, na jefa, ya sake kuskurewa, yara ƙanana suna kallo. Danladi ya fashe da kuka wai mun ci mutuncin Yaya. Shekwo ya jefa sau biyu, hannunsa ya koma gidan jiya, Yaya Bulus ya kama ƙwallon da hannu ya mayar masa, ya ce, "Sake." Kowace kuskurewa tasa a ƙirjina nake jin ta, shi kuwa sai ya tofa yawu a tafin hannu ya gyara tsayuwa. In na koma gida kafaɗata tana zugi, Inna ta shafa mini man kaɗanya tana faɗa wai wasan banza zai karya mata ɗa. Sai a mako na biyu muka fara jin ƙarar sanda jefi-jefi.

Asabar ɗin ƙarshe hadari ya haɗo ta wajen Gidan Kwano amma bai sauko ba. Yaya Bulus ya fita sau biyu bai taɓa komai ba, gwangwani ya sha kiɗa. Da aka kira la'asar Ndagi ya miƙo mini safar hannu, na tsaya na dubi yaron kwatas ɗin da ke gabana, na ce a raina wannan akuya ce a kan barkonon Inna. Mutum uku na fitar a jere. Mai gasa masara har ta bar murhunta ta matso bakin fili. Duk da haka suna gabanmu da ci ɗaya lokacin da Yaya Bulus ya ɗauki sanda a karo na ƙarshe, Shekwo kuma yana tsaye a kan buhu na biyu. Jifan farko ya wuce shi. Na biyu ya wuce shi. Na rufe ido, saboda haka ban ga na ukun ba, ƙararsa kawai na ji. Da na buɗe ido ƙwallon ya haye bakin gonar da muka saba tsintowa, ya nutsa can tsakiyar masara, Shekwo ya riga ya ƙarasa zagaye, Yaya Bulus kuwa yana zagaya buhunan nan yana dariya kamar ƙaramin yaro, ci biyu ke nan.

Mu da 'yan kwatas muka shiga gonar muka bi kunya-kunya, ganyen masara yana yankar mana hannu, har mai gonar ya zo ya kore mu. Ba mu ga ƙwallon ba. Su suka ce wasa bai ƙare ba tunda saura su karɓi sanda sau ɗaya, mu muka ce mun ci, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba, don babu wani ƙwallon da za a ƙarasa da shi. Ranar Talata motar kaya ta tsaya a ƙofar gidansu. Yaya Bulus ya ba ni sandar, ya matsa kafaɗata mai ciwo da gangan, ya ce, "Kar hannun nan ya sake yin laushi." Da aka girbe masarar mun koma mun duba, babu. Daga nan ba a sake buga bugi-ka-gudu a Bosso ba, ni dai a sanina.

Yanzu an zagaye filin da katanga, gonar masarar ta zama ɗakunan haya na ɗalibai, Keke Napep sai kai-kawo suke yi a gefen inda buhunanmu suke a da. Sandar tana nan a bayan ƙofar ɗakina, 'ya'yana sun ɗauka ta kashe ɓera ce. Yaya Bulus kuwa tun ranar motar kayan nan ban sake sa shi a ido ba. A lokacin babu waya a gidajenmu, kuma wauta ta yaro ta hana ni tambayar sunan ƙauyensu. Na yi cigiya wajen mutanen wajensu da nake haɗuwa da su, kowa sai ya ce Bulus ai suna da yawa. In na bi ta bakin tsohon filin nakan rage tafiya in dubi ɗakunan nan, ina tunanin a ƙarƙashin simintin wanne ƙwallonmu yake kwance. Ina kewar mutumin nan ƙwarai. Na girma, na yi ƙanne da yara a wajen aiki, kullum ina ganin yadda suke lallaɓo mini magana a hankali daidai ƙirji, kuma har yau ban yi ƙarfin halin ce musu su jefo da ƙarfi ba.