Baƙon Habu Ya Rasu

Ina ofis da hantsi saƙon 'yarsa ya shigo wayata, cewa mahaifinta ya rasu a Japan bayan gajeriyar jinya. Na yi salati, na kife wayar a kan tebur, na daɗe ban taɓa komai ba. Mutumin da ya mayar mini da mutuncina a Jidda ne ya tafi.

Farfesa masanin tattalin arziki ne, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken kuɗi da jari-hujja. Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: me ya sa mutum mai hankali zai ba da buhun shinkafa ya karɓi takarda? Yakan ce ba wanda ke son takardar, kowa yana karɓa ne don ya yarda gobe wani zai karɓa daga hannunsa. Abin da ya kawo shi Jidda shi ne labarin mutanenmu na Nijar da Chadi, yadda lebura zai miƙa riyal a nan, a buga waya, kafin la'asar uwarsa ta karɓa a Damagaram, ba takarda ba sa hannu. Ni aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta.

Na kai shi unguwar Khumra wurin Kawu, wan mahaifiyata, wanda wannan harka take hannunsa. Kawu ya ƙare masa kallo, ya gindaya sharaɗi: ba rubutu, ba ɗaukar murya. Sannan ya juyo gare ni.

“Habu, baƙonka ne. Yawancin mutanena ba su da iƙama, takardar izinin zama. In wani abu ya same su, kai na sani.”

Tun daga ranar sunansa ya zama Baƙon Habu. Haka dattijon da jami'o'i ke rububinsa ya riƙa zama a kan tabarma hannu rabbana, yana sauraro. Da muka fita sai ya yi ta maimaita mini abin da ya ji don kada ya manta. Tuwo da miyar kuɓewa ya sha wahalarsu, miyar har gwiwar hannu, amma bai taɓa neman cokali ba. Abin da ya fi ba mu aiki shi ne gaisuwarsa ta sunkuyawa. Kawu ya sa na faɗa masa cewa mu ba ma yi wa mutum ruku'u. Ya koyi ɗora hannu a ƙirji, ko da yake wuyansa yakan manta.

Bai daɗe da komawa gida ba aka yi kame a Khumra. Aka kwashe mutane da dama, har da waɗanda suka zauna da shi, aka mayar da su ƙasashensu. Magana ta bazu cewa na kawo ɗan leƙen asiri. A masallacin unguwarmu ta Mada'in Fahad in na yi sallama sai a amsa ciki-ciki. Matata ta daina zuwa suna da biki. Kawu ya daina ɗaga wayata, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, don shi ya riƙe ni tun ina yaro.

Ban nemi komai wurin Farfesa ba, a cikin hira kawai na ambata masa. Sai ga shi a Jidda da kuɗin aljihunsa. Kawu ya ƙi ganinsa. Ya riƙa zuwa yana tsayawa a ƙofar siton Kawu cikin ranar nan ta Khumra, da kwat ɗinsa, gumi na tsiyaya, har leburori suka fara cewa ɗan leƙen asiri ba ya dawowa ya gasa kansa haka. Ranar da Kawu ya fito, Farfesa ya manta duk abin da muka koya masa, ya sunkuya har kansa ya kusa gwiwa. Ya ce in fassara: bai faɗa wa kowa komai ba, amma ba shi da hujjar da zai nuna, don haka ya janye aikin gaba ɗaya, ba zai wallafa ko layi ɗaya ba. Kawu ya kama kafaɗunsa ya ɗago shi.

“Halas, ya isa. Yalla, ku shigo inuwa.”

A mota na ce wa Farfesa ya yi asarar shekaru. Ya ce wanda ya karya yarda don ya rubuta littafi a kan yarda bai fahimci abin da yake bincike ba. Ya cika alkawari. 'Yarsa ta gaya mini abokan aikinsa sun daɗe suna tambayarsa ina sakamakon tafiyar Jidda, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Ranar da saƙon rasuwar ya zo, bayan la'asar na je na sanar da Kawu, wanda yanzu ba ya gani sosai. Na ce masa ban san wace addu'a zan yi ba, tunda ba Musulmi ba ne. Kawu ya ce Wanda ya halicce shi ya fi mu saninsa, kuma Ya ga tsayuwar da ya yi a rana.

“Ka rubuta wa 'yar tasa,” in ji shi. “Ka ce mutanen Khumra suna yi mata gaisuwar baƙonsu.”

Ya Allah, mun bar lamarinsa a hannunka, Kai ne Mai rahama, ba Ka zaluntar kowa. Ka ba matarsa da 'yarsa haƙuri da juriya, Ka haɗa su da masu riƙe musu amana kamar yadda ya riƙe tamu. Mu kuma Ka sa mu cika da imani. Amin.