Fitilun da Ido Ba Ya Gani

Ƙanena soja ne. Wata damina motarsu ta kife a ƙoramar bayan ƙauyenmu, arewa da Takanamat, aka kawo shi gidan innarmu da magariba yana numfashi da ƙyar. Ruwa ya raba mu da hanyar Tawa. Babbansu ya yi waya, ya ce jirgi mai saukar ungulu zai zo ɗaukarsa bayan isha'i.

Sojoji suka share fili a gefen gari, suka jera wasu 'yan fitilu kamar gwangwanin tumatir. Muka yi ta jira su kama, shiru. Inna, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta dubi babban nasu.

"Ɗana, hitilun ga naku sun mace."

"Suna ci, Inna. Haskensu ne idon mutum ba ya gani. Matuƙi yana da tabarau na musamman, shi zai gan su. Kada kowa ya kunna komai."

Ta ce to. Ni kuwa na san wannan "to" ɗin, ba na yarda ba ne.

A garinmu ba a barin baƙo ya iso cikin duhu. Ko mai raƙumi ake tsammani da dare, sai an hura wuta a bakin gari, ƙin yin haka abin kunya ne. Balle baƙon da zai ceci ɗanta. Ina zaure riƙe da kan ƙanena lokacin da muka jiyo rugugin jirgin. Inna ta kwaso karan girkinta, ta haɗa da na darni, ta cinna musu wuta. Matan unguwa suka bi sahunta, masu babura suka haska fitilunsu, fili ya yi fes kamar rana.

Daga baya na ji cewa don duhu aka yi tabarau ɗin, haske mai yawa makantar da matuƙi yake yi. Jirgin ya sauko, iskarsa ta watsa garwashi, ya koma sama. Sojoji na ihun a kashe, babu mai jin su. Kafin wutar ta mutu hadari ya taso daga gabas, jirgin ya juya.

Ƙanena ya cika kafin asuba. Na ji haushin kowa, har da Inna, haushin da ya daɗe yana cin raina. Amma na roƙi sojojin su yi shiru kada ta san abin da ya kori jirgin, ni ma na yi.

Har ta bar duniya, in an tuna daren, sai ta girgiza kai ta ce, "Wutammu ba ta isa ba. Da mun ƙara, da ya gam mu."