Direban da Ba Ya Kashe Mota a Daji

Yayana bai iya zama ba. Tun muna yara, in Inna ta zuba mana abinci, a tsaye yake cin nasa, ƙafa ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje. Inna takan ce, "Kai wai wa ya biyo ka ne?" Kafin ta rufe baki ya kai ƙofar gida. A makaranta aka laƙaba masa Tashi-Mu-Je, sunan ya bi shi har ya yi furfura. Ko matarsa, in ya ɓata mata rai, da shi take kiransa.

Irin wannan mutum ai sai mota. Ya yi kwandasta, ya yi tasi, daga baya ya samu tuƙi a wani kamfani da ke kai baƙi gandun daji su kwana a tanti, su ga namun dawa. Shi ya jawo ni. Da farko kafa tantuna nake yi, yanzu ni ne kuku, don ƙafata ta hagu ba ta ɗaukar dogon aiki. Mota ɗaya muke fita: shi, ni, baƙi, tukwane, jarkokin ruwa da katifu a ɗaure a sama.

Ido kuwa Allah ya ba shi. Yana gudu zai ce, "Ga kunnen zaki can," ku yi ta zare ido ba ku ga komai ba sai ciyawa, can sai ciyawar ta yi hamma. Aibinsa ɗaya, kuma duk direbobi sun san shi: Yaya ba ya kashe mota a daji. Ƙa'idar aikin ita ce in an iso wurin dabba a kashe inji, a yi shiru, baƙi su ɗauki hoto a natse. Shi sai dai ya taka birki, inji na ta gurnani, ƙafarsa na rawa a kan totur. Baƙo bai gama gyara kyamara ba zai ji an ce, "To, mun gani ko? Mu je gaba."

Mutane suna ɗauka halinsa ne na rashin zama. Ni na san ba shi ba ne kaɗai. Shekarun baya, lokacin ina kafa tantuna, ya taɓa kashe mota a bakin kogi don baƙi su ji yadda giwaye ke shan ruwa. Wata mai ɗa ta ɓullo ta bayanmu. Ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Kan batir ne ya kwance. Giwar ta sa goshi ta kifar da mu kamar kwano. Ba wanda ya mutu, amma ƙafata ta zauna a ƙarƙashin motar har aka zo da taimako. Tun daga ranar Yaya bai sake murɗa makulli baya ba sai a cikin sansani. Ba mu taɓa maganar ba, ni da shi. In ya ga ina ɗingishi da bokitin ruwa, sai ya fizge bokitin yana faɗa, wai ina ɓata masa lokaci.

Zaki bai damu da ƙarar inji ba, malalaci ne, ko ganga ka buga masa sai dai ya juya ɗaya gefen. Ɓauna ma haka. Amma damisar dajinmu akwai kunya. Tana jin mota na kuka ba za ta fito ba. Shi ya sa baƙin kowa sukan koma da hoton damisa, baƙin Yaya su koma da hoton wutsiya.

Bana Manaja ya kira mu ofis. Ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya da ƙusoshi a bango inda ake rataye makullan motoci. Ya nuna wa Yaya kujera, Yaya ya ce ya gode, a tsaye ma ya isa.

"Tashi-Mu-Je, na gaji da ƙorafi," in ji Manaja. "Gobe za ka ɗauki wata likitar haƙori da mijinta. Damisa ta kawo su, ba wani abu ba. In su ma suka dawo suna kuka da kai, ka ajiye makullin nan ka karɓi na tankar ruwa."

Na dubi Yaya. Direban tanka aikinsa ya kafa tiyo a rijiyar burtsatse, ya zauna ya jira ta cika, ya je ya juye, ya dawo ya sake zama. A ba Yaya wannan aiki, gara a ce masa ya tafi gida. Kuma duk unguwarmu da kakin nan na direban baƙi aka san shi. Ya ciro makullinsa daga ƙusa ya fita.

Likita mace ce mai fara'a, da kyamara doguwa kamar taɓarya. Mijinta kuwa ko oho, in dai akwai shayi da inuwa, duniya ta yi masa daidai. Muka kafa tantuna a gindin wasu manyan itatuwa kusa da kogi. Kullum da sassafe su fita, ni in tsaya gadin tukwane, don gwaggon biri ba ya jiran a gayyace shi. Su dawo da rana, in tambaya da ido, Yaya ya kau da kai.

Sun ga raƙuman dawa suna miƙa wuya, sun ga garken ɓauna, sun ga dorina tana hura hanci, sun ga zakanya da 'ya'yanta a kan dutse. Gadu ma ya gifta musu a guje, wutsiya a sama, mijin Likita ya yi ta dariya har da tari. Damisa dai shiru. Yaya ya bi ya hana kansa sakat. Oba-oba, rediyon da direbobi ke kiran juna da shi, na ƙara zai zabura, a ce an ga sawu a gabas ya nufi gabas, a ce yamma ya juya. Abincin da na ajiye masa sai dai in ba tsuntsaye.

Ana gobe za mu tashi, Likita ta same ni ina yanka albasa. Ta nuna mini hotuna, duk sun yi dishi-dishi.

"Kuku, don Allah me ya sa direbanku ba ya kashe mota? Kujerar nan karkarwa take yi kamar injin niƙa. Yau har mun ga ciyawa na motsi, na roƙe shi, ya yi kamar bai ji ba."

"Ki yi haƙuri, Likita, haka Allah ya yi shi."

"Haƙuri na yi. Amma in aka tambaye ni, gaskiya zan faɗa."

Na ji haushinta, na kuma san ba ta yi laifi ba. Haushin Yaya ma na ji, har na so in kwaɗa masa ludayi.

Da safe muka naɗe tantuna, muka ɗaure kaya, na hau gaba kusa da shi. Hanyar fita ta bi ta wata busasshiyar ƙorama. Muna gangarawa sai birai suka ɓarke da ihu a saman itatuwa, zabin daji suka ɗauka. Yaya ya taka birki. Ya nuna da haɓa. A cikin rassan wata bishiya, can sama, ga barewa a rataye, ƙafafunta na lilo, jinin bai ma bushe ba.

"Damisar na nan," ya ce a hankali. "Cikin ciyawar can. Ƙarar motarmu ce ta sauko da ita."

Likita ta ɗora kyamara a kan taga. Kyamara na rawa, taga na rawa. Muka jira, inji na ta bubbuga. Ciyawa ko motsi. Sai a lokacin na lura da abin da Yaya ya riga ni gani: kashin giwa a tsakiyar hanya, ɗanye, ƙudaje na binsa, ga rassa a karye hagu da dama. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Idonsa na kan madubi, ya dawo hanya, ya koma madubi.

"Direba," in ji Likita da raɗa, "don girman Allah."

Hannunsa ya tafi kan giyar mota. Na san abin da zai biyo baya, na san har kalmomin da zai faɗa. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

"Yaya, kashe ta."

"Cika ni. Ba ka ga abin da ke hanya ba?"

"Na gani. Ƙafar nan tawa ce, ba taka ba. Ni na daɗe da yafewa, kai ne ka ƙi. Kashe motar."

Ya dube ni kamar na mare shi. Tunda muke ban taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ban ɗaga ba, amma ya ji. Ya kai hannu ya murɗa makulli.

Shirun da ya sauko har kunnena ya yi nauyi. Na ji ƙarfen inji yana ɗan ƙas-ƙas, na ji kurciya, na ji numfashin mijin Likita. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Can sai ciyawa ta rabu. Damisar ta fito ba gaggawa, kafaɗunta na hawa da sauka, ta tsaya ta zuba mana ido ruwan zuma. Tsalle ɗaya ta kama gindin bishiyar, na ji faratanta a jikin ɓawo. Ta kwanta a kan reshe kusa da namanta, ta saki wutsiya. Kyamara ta yi ta aiki. Likita tana ɗauka tana share hawaye da bayan hannu. Ni kaina, duk shekarun nan, ban taɓa ganinta kusa haka ba.

Sai da Likita da bakinta ta ce, "Ya isa, na gode," sannan Yaya ya murɗa. Bugu ɗaya mota ta tashi. Ba giwar da ta zo.

A ƙofar gandun Manaja na jira. Likita ba ta bari ya yi tambaya ba, ta tura masa kyamara a fuska. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce wa Yaya ya wanke mota, jibi akwai wasu baƙin.

Suka shige ofis, muka rage mu biyu. Na zata zai dire ya fara kwance kaya yana yi mini faɗa. Sai ya zauna. Yayana, a zaune, mota a kashe, hannuwansa a kan cinya.

"Yaya take?" ya ce.

"Wa?"

"Damisar. Babba ce?"

"Haba Yaya! Kai da ka nuna mana ita? Tana gabanka fa, ko jifa ba za a yi ba."

"Ban gan ta ba," ya ce, yana kallon sitiyari. "Ƙafarka nake ta kallo."